Ruwan da Ya Iske Arzika Ya Tafi

Azumin bana ya zo mana da sauƙi a Yamai. Da asuba sai mutum ya ja mayafi, da rana kuma kafin ƙishirwa ta kama maƙogwaro sosai an kira magariba. Duk da haka ɗalibaina na zaune ƙarƙashin fanka suna hamma, suna roƙon in sallame su da wuri. Ranar ina nuna musu yadda ake tayar da ɗan ƙaramin sistem a cikin emilater, wato shirin da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi wata na'urar da ba ta hannunka. Baƙin allo ya yi shiru, sannan layin farko ya fito. Wata ɗaliba a sahun gaba ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, don me za mu sha wahalar kwaikwayo, ga katin gaske a kan tebur?"

Gaskiyarta. Katunan lantarkin suna nan zube cikin kwali, kowanne bai kai tafin hannu ba, in sun ƙare kuma akwai shagon da ke sayar da su a bayan kasuwa. Na ce mata akwai lokacin da katin ba ya kan tebur, na ci gaba da darasi. Amma har na isa gida hankalina na garinmu Filinge, cikin wani azumi da ya faɗo a tsakiyar damina, shekara goma sha wani abu ke nan.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar fasaha. Babanmu ya riga ya rasu, gida na hannun wana Arzika. Shi ke riƙe da gonar gado, da Inna, da matarsa Zalika da jinjirarsu Rabi. Cikin sa'o'insa duka shi kaɗai ne bai taɓa tafiya ci-rani ba, kuma abin da ya riƙe shi lambun unguwarmu ne da ke cikin dallol, wato babban kwarin da ya ratsa yankinmu. Wasu masu aikin taimako sun haƙa foraj a wurin, wato rijiyar burtsatse, sun zura famfo, sun kafa fanno masu shan hasken rana, aka ba Arzika tsaron wurin. Da an gama girbi sai ya koma lambu. Kabeji, dankali, albasa, tumatir, ranar Lahadi ya loda amalanke ya nufi kasuwa. Yakan ce shi bai ga abin da zai kai shi kurmi ɗaukar kayan wani ba.

Sai wata tsawa ta ƙone akwatin da ke tafiyar da famfon. Masu aikin sun daɗe da tattara nasu sun tafi. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce famfo lafiya lau, fanno lafiya lau, ɓangaren wutar akwatin ma zai gyaru, ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙone, kuma irinta babu a ƙasar. Ba a iya haɗa famfon da fanno kai tsaye, don in rana ta yi rauni zai wahala, in ruwa ya ja baya kuma zai yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Rani guda lambun ya zama fili. Arzika ya yi shi yana buga tubali a cikin gari.

Da na ba malamina Mushe Yakuba labari, sai ya ce wannan shi ne aikin ƙarshen karatuna: in yi wa akwatin sabuwar ƙwaƙwalwa. Ya ce zai sa wani abokinsa da ke waje ya riƙo mana katin da ya dace, zuwa ƙaramar Sallah zai iso. Kafin nan ya zuba mini kayan aiki a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce in je gida in gina komai a cikin emilater, ranar da katin ya zo sai dai a zuba masa a ɗaura.

Haka na sauka a tashar Filinge da tsohuwar kwamfuta a jaka, na iske an gama noman farko.

Gidanmu ba wutar gari. Amma fannon lambu suna nan suna shan rana a banza, sai na samo tsohon batirin mota na haɗa, na mai da bukkar gadin Arzika wurin aikina. Ranar farko ya tsuguna a bakin bukka yana kallona.

"Wai ina abin da za a sa ma hwamfon?"

"Bai zo ba tukuna, Yaya."

"To mi kaka yi?"

Na ce masa kwamfutar nan da yarenta, katin da zai zo kuma da nasa daban. Ni ina rubuta umarni a nan, ita ta juya mini shi zuwa yaren katin, amma ita kanta ba ta jin abin da ta juya. Shi ya sa nake buɗe emilater ya yi kamar shi ne katin, in gwada a kansa.

Ya sosa gemu. "Wato baƙon bai iso ba, kai kana nan kana koya mai aiki."

"Haka ne."

"Allah shi kawo shi lahiya," in ji shi, ya ɗauki lauje ya tafi yankan ciyawa.

Damina ta fara da kyau a shekarar. An yi shuka da wuri, hatsi, wato gero, ya fito kore shar har ya kai gwiwa. Amma rumbunmu ya ƙare tun kafin a ga wata, don kakar da ta wuce ba ta yi auki ba, ga lambun da ke cike giɓi ya mutu. Da azumi ya kama, ranakun duka suka zama iri ɗaya. Da asuba Zalika ta dama hura ta tsinka ta da ruwa har kana ganin gindin ƙwarya. Mu sha, mu yi salla, mu ɗauki hauyar tsaye mu nufi gona tun raɓa na jiƙa ƙafar wando. Maimai muke yi. Arzika na gaba, ni ina baya, hannuna na ɗan makaranta ya yi bororo ya fashe ya sake yi. Zafin damina ba irin na bazara ba ne, ba ya ƙona fata, sai dai ya rufe ka kamar an kifa maka tukunya mai tururi. Zufa ta bi ta ido, miyau ya kafe, harshe ya yi nauyi a baki. In rana ta take sai Arzika ya ce, "Tahi wajen baƙonka," shi kuma ya ƙara kunya biyu ko uku shi kaɗai.

Daga azahar zuwa la'asar ina cikin bukka. Bayan la'asar Arzika ya zo da ciyawar awaki, ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a ƙirji, ya kwanta a tabarma kusa da ni. Gab da magariba mu koma gida. Buɗa baki kunu ne da kopto. Inna da Zalika su ke shiga daji su tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Tuwo ba kullum ba. Can tsakiyar wata Inna ta fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake ci in yunwa ta matsa, a tsohuwar randa, tana sake masa ruwa safe da yamma don ɗacin ya fita. Ba ya fita duka. Har yau in na tuna sai in ji shi a bayan harshe.

Aikin kuwa da farko ƙin motsi ya yi. In harhaɗa sistem ɗin, in tura wa emilater, allo ya tsaya baƙi ƙirin, ko ɗigo babu. Na yi kwanaki a haka kafin in gane cewa wani sashe nasa a yaren kwamfutata yake fitowa, ba a yaren katin ba, don akwai guntun kayan aikin da babu a kilen. Dole na shiga gari wajen mai siber, shagon da ake hayar intanet. Layin na tafiya kamar jaki mai ciwon ƙafa, ya kai rabi wuta ta ɗauke, a koma farko. Sai a zuwa na uku abin ya sauko duka.

Ranar da layin farko ya fito a baƙin allon, na ta da Arzika daga gyangyaɗi. Da gangan na rubuta saƙonnin da Hausa, don ya yi lakkwal, wato boko, kaɗan kafin ya bari, yana iya haɗa baƙi. Ya matso, ya sa yatsa yana bi.

"Na... tashi." Ya dube ni. "Wa ya tashi?"

"Baƙon."

Ya yi dariya har tsumman ya faɗi daga ƙirjinsa.

Daga nan na raba wa sistem ɗin ayyuka uku. Ɗaya ya riƙa duba ƙarfin rana, ɗaya ya duba zurfin ruwa, ɗaya ya ta da famfo ko ya tsai da shi, ya kuma rubuta dalili. Tunda ba rana ba rijiya a cikin kwamfuta, ni ke ƙirƙira musu. In rubuta cewa rana ta yi ƙarfi, allo ya ce famfo ya tashi. In ce ruwa ya ja baya, ya ce famfo ya tsaya. Arzika ya mai da abin wasa. Yana kwance zai ce, "Kawo mai hadari mu gani." In kawo. "To janye ruwan." In janye.

A waje kuwa ba mai iya kawo hadari. Tun da azumi ya raba tsakiya ruwa ya ɗauke, daidai lokacin da hatsi ya fara ciki. Kullum da yamma gabas ta yi baƙi a kan duwatsun bakin dallol, iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, mata su fara kwashe shanya. Sai hadarin ya karkata ya bi ta wajen Tondikandiya, ya bar mu da walƙiya daga nesa. Ganyen hatsi ya fara naɗewa da hantsi, daga baya ya daina buɗewa ko da safe. An fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara, rana na dukan ƙeya. Aka samu yayyafi da bai kwantar da ƙasa ba. Batirina dai bai taɓa yin sanyi ba a watan nan. Kowace rana cike yake taf, kuma in na ga haka na san wata rana ce ta sake wucewa ba ruwa.

Da Arzika ya ga inda gona ta dosa, sai wasan ya fita daga muryarsa. Ya daina cewa baƙo. Yakan ce, "Salihu, abin ga za shi yi?" In ce zai yi. Ya ce, "In shina yi, ko hatsi bai yi ba muna ci da lambu."

A daidai nan ne sistem ɗin ya fara mutuwa. Wata la'asar ya ce in kawo hadari in kuma janye ruwa lokaci guda, tunda haka na iya faruwa. Na yi. Allo ya rubuta rabin magana ya sandare. Na sake tayarwa, na sake gwadawa, ya sake sandarewa. In rana ce kaɗai ta yi rauni, lafiya. In ruwa ne kaɗai, lafiya. In sun haɗu, sai mutuwa. Kuma in ya mutu a haka a kan rijiyar gaske, zai iya barin famfon na juyi a bushe.

Na karanta abin da na rubuta daga sama har ƙasa ban ga laifi ba. Na kira Mushe Yakuba, sai da na hau tudu kafin waya ta kama. Ya ce in daina karatu da ido, in haɗa debogar da emilater. Debogar shi ne abin da ke ba ka damar tsai da na'ura cak a tsakiyar aiki, ka sa ta taka sawu ɗaya ɗaya, kana leƙa abin da ke cikin ma'ajiyarta. Haka na yi ta bin sawu da azumi a baki. Lambobi su yi ta rawa a idona, in rufe ido in ga taurari, in buɗe in manta inda na tsaya. Wata rana barci ya sace ni a zaune, na farka na iske Arzika na yi wa kwamfutar fifita da faifai don ya ji ta yi zafi.

Cikin goman ƙarshe na kama shi. Na tsai da na'urar daidai inda take mutuwa, na ga tana ƙoƙarin tsallakawa zuwa wani adireshi da babu shi sam a cikin ma'ajiya. Na daɗe ina kallon lambar, ba ta yi kama da adireshi ba. Sai na ce bari in mai da ita haruffa. Haruffa huɗu suka fito: ruwa.

Na koma kan saƙonnina. In dalilai biyu sun haɗu, abin da sistem ke rubutawa shi ne, "Famfo ya tsaya, rana ta yi sanyi kuma rijiya ba ruwa." Saƙon ya fi wurin da na tanadar masa tsawo. Wutsiyarsa ta zuba ta taka inda na'urar ke ajiye hanyar komawarta, sai ta ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin adireshi ta bi ta, ta ɓace.

Na yi wa Arzika bayani. Ya tashi zaune.

"Wato ita ma ruwa ta tahi nema."

"Kusan haka."

"Ƙishirwa taka ji, baiwar Allah. To rage maganar mana."

Na ce ba zan rage ba, wurin zan faɗaɗa, in kuma sa a riƙa auna kowane saƙo kafin a zuba shi. Na gyara, na sake harhaɗawa, na tura. Muka kawo hadari, muka janye ruwa. Saƙon ya fito cikakke, sistem ya ci gaba da numfashi. Muka yi ta jarraba shi da duk abin da ya zo mana a rai har aka kusa kiran salla, bai ko girgiza ba.

Washegari Arzika ya matsa sai Inna ta zo ta gani. Ta zo da kwandon tafasa a ka, ta leƙa bukka, ya karanta mata abin da ke allo da ƙarfi kamar mai shela. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta dube ni ta ce, "Na ji abin da wan naka ya karanta. To ina ruwan?"

"Sai katin ya zo, Inna. Da Salla."

"Allah shi kai mu," ta ce, ta gyara kwandonta.

Salla ta zo, kati bai zo ba. Abokin Mushe Yakuba ya ɗaga tafiyarsa. Daga baya aka ce ya ba wani ya riƙo, wanin kuma ya tsaya a wata ƙasa. Mushe da kansa yana jin nauyin ɗaukar wayata. Ni kuwa ba abin da ya rage in yi. Aikin ya ƙare, yana zaune cikin kwamfuta, ba inda za a zuba shi.

Aka yi girbi, in za a kira shi girbi. Zangarniya sirara, rabinta ƙaiƙayi. Abin da muka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Tun ba a gama kai kara gida ba samari suka fara tafiya, kowace ranar kasuwa mota ta ɗebi wasu. Abokan Arzika suka zo har gida suka ce ya shirya su tafi tare, akwai wanda zai sauke su a Abijan. Ya ce su yi gaba, shi yana da lambu.

Makaranta ta buɗe, na koma Yamai. Duk Lahadi sai ya ari waya a kasuwa ya kira ni. Ba ya doguwar gaisuwa.

"Ya zo?"

"Bai zo ba, Yaya. An ce ƙarshen wata."

Bai zauna jira kawai ba. Ya gyara shinge, ya ja fangali, ya kai taki da amalanke. Ya yi renon irin kabeji da albasa, yana ba su ruwa da guga daga wata gajeruwar rijiya a gefen dallol, don ranar da famfo ya tashi a samu abin dasawa. Shekarar ba ruwa a ƙasa, rijiyar ta koma laka tun sanyi bai shiga ba. Irin ya yi ja, ya kwanta.

Wata safiya ana sallama a ƙofar ɗakin da nake haya. Na fito na ga Arzika da ƙullin kaya a kafaɗa da buta a hannu. Motar kudu zai shiga da hantsi. Na raka shi tasha, muka zauna a kan benci. Na ce ya ƙara haƙuri kaɗan, an tabbatar mini katin ya taso.

"Na jira, Salihu. Kai ma ka san na jira."

"Na sani."

"Shekaranjiya na ga Zalika tana auna hatsi da ludayi, tana mai da rabi. Ba ta san ina kallo ba." Ya juya butar a hannunsa. "Ba ni iya zama in ga wannan. Rani guda ne. In ruwa ya zuba kana ganina."

Da mota ta cika ya miƙo mini makullin akwatin famfo ta taga, ya ce kada in bari yara su yi wasa da fanno.

Katin ya iso bai fi mako biyu da tafiyarsa ba. Mushe Yakuba ya miƙo mini shi cikin 'yar leda. Na riƙe shi a tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan. A ranar na zuba masa abin da na gina a bukka, ban canza ko harafi ba, na haɗa shi da allo. Katin ya ce, "Na tashi."

Da hutun sanyi na tafi da shi gida. Ni da mai gyaran nan muka yi wuni muna ɗaura wayoyi. Abu ɗaya kawai ya bambanta da emilater: ma'aunin ruwa na gaske yana rawa, ba ya tsayawa a lamba ɗaya kamar na ƙirƙira, sai na sa sistem ya riƙa dubawa sau da yawa kafin ya yanke. Washegari da hantsi, da rana ta hau kan fanno, muka ji famfo ya yi gurnani can ƙasa. Bututu ya yi tari, ya tofar da iska da jan laka, sannan ruwa ya zubo fari tas cikin kwalbatin da ya shekara a bushe. Matan unguwa suka yi ta guɗa. Inna ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta koma gefe ta zauna a kan dutse ta juya mana baya.

Da yamma na samu lambar wani ɗan garinmu a Abijan, aka nemo Arzika. Hayaniyar motoci ta cika wayar.

"Yaya, ya zo. Ya yi."

"Mi ya yi?"

Na kai wayar bakin bututu. Na bar ta nan ɗan lokaci, sannan na mai da ita kunne. Shiru. Na ɗauka layi ya yanke.

"Mai da ta," in ji shi. "Kada ka ɗauke tukuna."

Na mayar. Ya saurara har kuɗin wayar ya ƙare.

Ya ce zai dawo da damina. Da damina ta zo ya ce ya samu wurin tsayawa a wata kasuwa, in ya bari wani zai shige, sai baɗi. Yana aiko da abin da ya samu, ba a taɓa rasa hatsi a gidan ba bayan nan. Baɗi ta zo ta wuce, wata ta biyo. Lambun ya farfaɗo a hannun wani maƙwabcinmu. Zalika ta yi zaman da za ta iya, daga baya manya suka shiga, aka rabu ba tare da faɗa ba, ta yi aure a Damana. Rabi ta tashi a gaban Inna. Muka ji shi ma ya yi iyali a can.

Yanzu duk dallol ɗin fanno ne, ko'ina ka duba suna ƙyalli. Akwatin famfo kuwa in ya ƙone, ka aika mota ta safe ta kawo maka sabo da yamma. Nawa ma an daɗe da cire shi an sa na kanti.

Arzika bai sake taka Filinge ba sai da Inna ta rasu. Ya iso bayan an yi addu'ar uku. Ya yi furfura a gemu, Hausarsa ta gauraya da wasu kalmomin da ba mu sani ba. Rabi, wadda ta isa ɗaukar tulu a lokacin, ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gai da baƙo, ta koma bayan ƙofa tana leƙensa.

Ana gobe zai koma ya ce in raka shi lambu. Lokacin dankali ne, ganye ya rufe ƙasa, mata na ta ban ruwa. Ya bi fangali yana dubawa, ya tsuguna ya cire wata ciyawa da ta fito a gindin albasa, ya murje ƙasar da ke saiwarta a yatsa. Wata yarinya da ke tsaron wurin ta ce, "Malam, a bi ta gefe, kada a taka shuka." Ya ce to, ya koma gefe.

Na ce masa gonar gado na nan, ga lambu, ga ɗakinsa ba wanda ya shiga. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin lambatu.

"Yaran can ba su iya cin tuwon hatsi," ya ce. "Na gwada su. Sun ce yashi ne."

Na raka shi tasha da safe. Ya sayi tiyar hatsi guda a bakin hanya, ya ƙulle a leda ya tura cikin jaka. Na ce ai ya ce ba sa ci.

"Ba nasu ba ne," in ji shi, ya shiga mota.